Zuwa da Kai

Autana,

Yaya aiki, yaya kuma ruwan Benin da ka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan Wusasa lafiya lau muke, sai kewarka. Masarar bayan gida ta kai gwiwa, akuyar nan taka mai taurin kai ta haifi biyu, kuma har yanzu ba wanda take yarda ya kama ta. Duk wanda ya gan ta sai ya ce halin mai ita ta ɗauko.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya ba ma daidaitawa. Kai kana da saurin baki, kafin in haɗa kalma biyu ka jero mini aya biyar. A takarda kuwa dole ka jira in kai ƙarshen zancena. Na san yayyenka za su karanta kafin ta iso hannunka, ban hana su ba, don abin da ya same ka ya same mu duka.

Daren Lahadin nan da ka ce mini, "Mama, kin san kuwa Yesu shi ne Mika'ilu, shugaban mala'iku?" na yi shiru har ka ɗauka layi ne ya yanke. Layi bai yanke ba. Zama na yi a bakin gado, domin ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Ka ce wata uku ke nan kana nazari da Shaidun Jehobah, mutum biyu suna zuwa ɗakinka kowace Asabar, kuma sun nuna maka abubuwan da ba ka taɓa ji a majami'a ba. Ban yi fushi ba, Auta, kuma har yanzu ban yi ba. Ai kai ne yaron da ya tsayar da makarantar Lahadi cak yana tambaya ko mala'iku suna cin tuwo, in kuwa ba sa ci, me suke yi da baki. Tun kana shekara huɗu "don me?" ce gaisuwarka. Wanda aka haifa da tambaya a baki ba za a ce ya haɗiye ta don ya girma ba. Tsoro dai na ji, irin na uwa, wanda ba ya neman izini kafin ya shigo.

Kada ka yi zaton zan zagi baƙinka. Na san su tun ina budurwa, da jakunkunansu da mujallarsu Hasumiyar Tsaro a hannu, rana na dukan su suna bi gida gida. Na kuma karantar da tarihi shekara talatin, na san cewa a Jamus ta zamanin Hitler an kulle su a sansanoni, an liƙa musu alama mai ruwan shunayya a riga, da yawansu suka mutu don sun ƙi sara wa mutum sun kuma ƙi ɗaukar bindiga. Wanda ya jure wannan saboda abin da ya gaskata ya wuce a yi masa ba'a. Mu da muka tashi a gidan da rabinsa ke zuwa masallaci rabinsa majami'a mun daɗe da koyon zama da saɓani. Kawunka Alhaji yana girmama Annabi Isa matuƙa, a wurinsa manzo ne ɗan Adam, ba Allah ba ne, ba kuma mala'ika ba, kuma shekara sittin ke nan muna cin naman Sallarsa yana cin shinkafar Kirsimetinmu. Idan baƙinka sun zo, ka ba su ruwa, ka ba su kujerar da ta fi kyau. Amma girmama mutum daban, karɓar maganarsa daban.

Da na ajiye waya sai na ɗauko Littafi Mai Tsarki na babanka, tsohon nan mai baƙin bango da aka ɗinke da zare, wanda ya cika da zanen fensir. Kwana huɗu ina bin ayoyin da ka ba ni ɗaya bayan ɗaya. Bari in faɗi koyarwarsu yadda na fahimce ta, in na yi kuskure ka gyara mini. Suna cewa Yesu shi ne farkon abin da Allah ya halitta, ta hannunsa aka yi sauran duka, a sama sunansa Mika'ilu, ya zo duniya ya zama cikakken mutum marar aibi, ya mutu fansa dominmu, aka tashe shi a matsayin ruhu ya koma matsayinsa. Suna kiransa Mai Ceto, suna ƙaunarsa, amma ba sa yin addu'a gare shi, sai ga Jehobah ta wurinsa. Ayoyinsu kuma ba na wasa ba ne. A Yahaya 14 Yesu da bakinsa ya ɗora Uba a bisa kansa. A Markus 13 ya nuna cewa sanin ranar ƙarshe na Uba ne kaɗai. Bulus a Kolosiyawa ya kira shi ɗan fari. Duk wanda ya ce maka waɗannan ayoyi ba su da nauyi, bai zauna da su ba.

To amma shi Mika'ilun fa? Na ƙirga, Auta, sau biyar aka ambaci wannan mala'ika da suna a Littafin da ke hannunmu: uku a Daniyel, ɗaya a wasiƙar Yahuza, ɗaya a Wahayin Yahaya sura 12. A cikin biyar ɗin babu inda aka ce shi ne Yesu. A Daniyel 10 ma an lissafa shi ne a matsayin ɗaya daga cikin manyan shugabanni, wato yana da tsara. A Yahuza kuwa, sa'ad da yake jayayya da Iblis a kan gawar Musa, bai tsawata masa da ikon kansa ba, ya miƙa tsawar ga Ubangiji. Ka ajiye wannan gefe, ka buɗe Markus daga farko. Za ka ga mutumin da ya tsawata wa aljanu suka fita, ya tsawata wa iska da ruwa suka kwanta, ya dubi shanyayye ya gafarta masa zunubi, har malaman da ke zaune suka ce saɓo yake yi, don sun san gafarta zunubi hurumin Allah ne. Halin waɗannan biyun bai yi mini kama da na mutum ɗaya ba. Ayar Tasalonikawa ta fari sura 4 da ka fi dogara da ita, inda aka ce Ubangiji zai sauko da muryar babban mala'ika, a nan take an ce zai sauko da ƙahon Allah. Ka sha ganin hawan Sallah a Zariya. Sarki yana fitowa da kakaki da tambari da muryar sanƙira, amma ba wanda ya taɓa cewa sarkin ne sanƙira.

Sai na koma Ibraniyawa sura ta fari, inda fensirin babanka ya kusa huda takarda. Ka karanta surar nan da ta biyu a zaune ɗaya, a hankali, ba irin karatunka na tsallen kwaɗo ba. Kamar an rubuta su ne musamman saboda tambayarka. Daga farko har ƙarshe marubucin yana jera Ɗan a gefe ɗaya, mala'iku a ɗaya gefen, yana nuna ratar da ke tsakani: su bayi ne da ake aika, shi kuwa su ne aka umarta su yi masa sujada, kuma duniya mai zuwa ba a hannun mala'iku aka danƙa ta ba. A Wahayin Yahaya, sau biyu Yahaya ya faɗi a gaban mala'ika zai yi sujada, sau biyu mala'ikan ya hana shi da sauri. Amma da Toma mai shakka ya ga tabon ƙusa ya kira Yesu Ubangijinsa da Allahnsa, ba a hana shi ba. Ina son Toma, yana tuna mini da kai.

Akwai abu ɗaya da zan ba ka gaskiya a kai. Kalmar da muke fassarawa mala'ika, a Ibrananci da Helenanci asalin ma'anarta ɗan aike ne. A Tsohon Alkawari akwai wani da ake kira Mala'ikan Ubangiji, wanda ya sami Hajaratu a jeji, ya kuma bayyana ga Musa a kurmi mai cin wuta, yana magana kamar shi ne Allah da kansa. Kiristocin farko da yawa, irin su Justin da aka kashe a Roma, sun ɗauka Almasihu ne wannan kafin ya zo cikin jiki. John Calvin ma a bayaninsa na Daniyel bai ƙi a ce Mika'ilu laƙabin Almasihu ba ne, kuma ikilisiyar Adventist masu sujada ran Asabar suna koyar da haka har yau, alhali sun riƙe cewa shi Allah ne madawwami, ba a halicce shi ba. Saboda haka sunan ba shi ne tushen rigimar ba. Tushenta tambaya ɗaya ce: shi wannan da ya hau gicciye, halitta ne ko Mahalicci? Idan an ja layi, Allah a wannan gefe, dukan abin da ya yi a wancan, a ina Yesu yake tsaye?

Ka ce mini sarkin Roma ne ya ƙirƙiro allahntakar Yesu a wani taro. A nan kam ka shigo ajina, sai ka zauna. Wajen shekara ta 318 wani limamin coci a birnin Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ɗan asalin Libiya, ya fara koyar da cewa Ɗan yana da mafari, Allah ya yi shi kafin kome, amma dai yin sa aka yi. Bai ce Mika'ilu ne ba, wannan ƙarin na wasu ne, amma a gefen halitta ya tsayar da shi. Mutum ne mai kamun kai da iya magana, har waƙoƙi ya tsara na koyarwarsa, matuƙan jirgin ruwa da matafiya suna rerawa. Rigima ta yi zafi har Sarki Konstantin ya tara bishop-bishop wajen ɗari uku a garin Nikiya a shekara ta 325, garin da yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya. Cikinsu akwai masu tabon azabar da aka gana wa Kirista shekaru kaɗan kafin nan. Suka rubuta shaidar bangaskiya mai cewa Ɗan haifaffe ne ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Biyu ne kawai suka ƙi sa hannu, dukansu daga Libiya. Ka lura, rigimar nan a nahiyarmu ta tashi, kuma ɗan nahiyarmu ne ya fi kowa shan wuyarta.

Sunansa Atanasiyus. Ya je Nikiya yana matashin dikin, ya zama bishop na Iskandariya a 328. Da a ce sarakuna ne suka ɗora wa mutane wannan koyarwa, ai da ya ji daɗin duniya. Amma sau biyar aka kore shi daga kujerarsa, sarakuna huɗu daban-daban, jimlar shekarun gudun hijirarsa wajen 17, wani lokaci yana ɓoye a hamada wurin masu zaman kaɗaici. Shi kansa Konstantin, wanda ya yi masa baftisma gab da mutuwarsa a 337 bishop ne mai goyon bayan Ariyus, ɗansa Konstantiyus kuma ya tsaya wa wancan ɓangare da ƙarfin mulki. An kai lokacin da jayayyar ta rataya a kan harafi ɗaya tal na Helenanci, tsakanin kalmar da ke nufin zati ɗaya da wadda ke nufin zati mai kama. Sai a 381, a taron Konstantinoful, maganar ta zauna, kuma wannan shaidar ce kake faɗa a tsaye duk ranar Jibin Ubangiji tun kafin ka san ma'anarta, kana jan zanina kana tambaya yaushe za a tashi. Tun ma kafin duk wannan, wajen shekara ta 112, wani gwamnan Roma mai suna Pliny, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta wa Sarki Trajan rahoto cewa mutanen nan suna taruwa kafin gari ya waye suna rera wa Almasihu waƙa kamar ga abin bauta. Sama da shekara ɗari biyu ke nan kafin Nikiya. Ƙungiyar baƙinka kuwa ta samo asali ne daga nazarin Charles Taze Russell a jihar Pennsylvania ta Amurka, mujallarsu ta fara fita a 1879, suka ɗauki sunan da ake kiran su da shi yanzu a 1931. Sabunta ba laifi ba ne, tsufa ma ba hujja ba ne, amma ya kamata ka san shekarun kowane.

Sunan nasu daga Ishaya 43 suka ɗauko shi, kuma a wannan surar ce Allah ya ce ba a yi wani allah kafinsa ba, ba kuwa za a yi bayansa ba. A fassararsu, farkon Yahaya yana nuna Kalman, wato Yesu, wani allah ne ƙarami. Ran Asabar ka tambaye su cikin ladabi yadda biyun suke haɗuwa, ka saurari amsar da kyau, ka kawo mini ita.

Yanzu bari in ajiye alli, in yi maka magana irin ta uwa.

Ka tuna shekarar da zazzaɓin taifot ya kwantar da kai a makarantar kwana, kana aji biyu? Saƙo ya iso mana da magariba. A lokacin babanka ciwon ƙafar nan ya tasar masa, da sanda yake tafiya. Ƙaninsa ya ce a ba shi kuɗi da magani ya tafi, ga shi matashi, ga babur, zai ma riga kowa isa. Shawara ce mai kyau, ni ma na goyi baya. Babanka bai ce uffan ba, ya sa hularsa, ya ce zuwa da kai ya fi aike. A bayan motar ɗaukar tumatir ya kwana a hanya. Kai ka ba ni labarin sauran da bakinka: ka buɗe ido da asuba ka gan shi zaune a ƙasa kusa da gadonka, rigarsa duk ƙura, yana jiƙa tsumma yana shafa maka a goshi. Da ƙaninsa ne ya zo, maganin ɗaya ne, da ka warke haka nan. Amma da ba ka san abin da ka sani game da ubanka tun daga ranar ba.

Wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Idan Yesu mala'ika ne, ko da shi ne mafi girman mala'iku, to Allah aike ya yi. Ya dubi wahalarmu daga nesa, ya zaɓi mafi kyawun bayinsa ya ce je ka sha musu. Alheri ne, ban raina ba. Amma bangaskiyar da kakanninka suka karɓa a garin nan, wadda aka gina majami'armu ta ƙasa dominta a 1929, aka kuma fassara mana Littafin da Hausa a 1932, cewa take Allah bai tsaya ga aike ba. Annabawa ya aiko, mala'iku ya aiko, daga ƙarshe ya taso da kansa, ya shiga cikin mace, ya ji yunwa, ya yi kuka a kabarin abokinsa, ƙurar hanya ta hau shi. Ayoyin da suka nuna shi ƙasa da Uba, a nan nake ganin mazauninsu. Babanka da yake zaune a ƙasan siminti kusa da gadonka ya fi kowa ƙasƙanci a ɗakin nan, bai kuwa daina zama ubanka ba. Atanasiyus ma hujjarsa ke nan tun farko: halitta ba ta iya sada halitta da Allah, wanda ya yi mu shi ne kaɗai zai iya sāke mu.

Ba ka nan daren da babanka ya cika, kana rubuta jarrabawar ƙarshe, muka ɓoye maka har ka gama. Ban taɓa ba ka labarin dalla-dalla ba. Wajen ƙarfe uku ya daina gane mu, amma leɓɓansa suna motsi. Na kai kunnena. Sunan Yesu yake kira, yana roƙonsa ya karɓe shi, kamar yadda Istifanas ya yi sa'ad da ake jifansa. Kai tsaye yake masa magana, kamar mai magana da wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Da ka ce mini ba a addu'a ga Yesu, wannan daren ne ya faɗo mini a rai. Ina tambayar kaina, mutumin nan da ya yi shekara arba'in yana tashi ƙarfe biyar yana durƙusawa, ashe a numfashinsa na ƙarshe halitta ya kira? Zuciyata ba ta iya ɗaukar wannan ba, kuma bayan kwana huɗu a kan Littafinsa, kaina ma bai ɗauka ba. Ban faɗa maka don in ɗaure ka da hawaye ba. Na faɗa ne don ka san cewa abin da kake juyawa a baki kamar lissafi, a wurina shi ne ƙasar da nake takawa.

Na san maganar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki tana da nauyi, koyarwar baƙinka kuma ta fi sauƙin shiga kai. Amma sauƙi kaɗai ba ya tabbatar da magana. Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Kada ka yi gaggawar wata baftisma, ko wani alkawari, kafin shekara ta zagayo. Duk ayar da aka nuna maka, ka karanta surar gaba ɗaya, da ta gabanta da ta bayanta, a fassara fiye da ɗaya. Ka karanta Yahaya daga farko zuwa ƙarshe kai kaɗai, ba mujalla a gefe, ba wasiƙata ma a gefe. Kada kuma ka daina addu'a don kana cikin ruɗani, ka gaya wa Allah ruɗanin yadda yake. Ka riƙa cin abinci kafin ka zauna nazari, na san ka, in gardama ta yi daɗi sai ka wuni da shayi. Hoton da ka turo wa yayarka ya nuna ƙashin wuyanka. Gidan sauron da na sa maka a jaka, ɗaura shi ake yi, ba matashin kai ba ne.

Ko ina ka tsaya a ƙarshe, ɗakinka na nan, ƙwaryar furarka na nan, ba wanda zai canja maka suna a gidan nan. Yayanka ya so ya kira ka ya yi maka faɗa, na hana shi. Ya ce to a tura maka fasto na can ya zauna da kai, na ce a'a.

Na riga na sayi tikiti. Ranar Juma'a ta sama zan taso da motar asuba, ta Abuja da Lakwaja da Okene, an ce in hanya ta yi kyau za mu iso da dare. Ka zo tasha ka tarye ni, don kayan da nauyi: akwai kuka da daddawa da yajin da kake so, da kilishi daga kawunka Alhaji, ya ce in gaishe ka. Zan zo da Littafin babanka, ina so ka ga inda ya ja layi da hannunsa. Ka gaya wa baƙinka cewa wannan Asabar ɗin mu biyu za su tarar, ka nemo aron kujera ɗaya. Ka kuma share ɗakin nan kafin in iso.

Taka har kullum,
Mama